Fashin Baƙi: Daga Ina Kalmar “Tiger” Ta Samo Asali, Kuma Shin Damisa Take Nufi?

Shin kalmar Turanci ta “tiger” damisa take nufi? Idan kuma ba ita ba ce, me ya sa ƙasar da ba ta taɓa samun wannan dabba a dazuzzukanta ba ta laƙaba wa 'yan wasanta sunanta? Wannan tambaya takan taso duk lokacin da ƙungiyoyin ƙwallon kwando na Najeriya suka yi abin a zo a gani, kamar yadda ya faru a watan Agustan 2025, lokacin da ƙungiyar mata ta D'Tigress ta doke Mali da ci 78 da 64 a birnin Abidjan, ta ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere. Mai fassara labarin zuwa Hausa yakan ce “damisoshin Najeriya”, mai sauraro kuma ya gamsu, alhali dabbar da ke cikin sunan ƙungiyar da wadda Bahaushe yake kira damisa ba iri ɗaya ba ne, ba kuma nahiya ɗaya ce matattararsu ba. Wannan ruɗani bai faro daga Hausawa ba. Ya daɗe yana bin kalmar tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, domin kalma ce da ta yi tafiyar da dabbar da take nufi ba ta yi ba, ta isa wuraren da mutanensu suka ji suna amma ba su ga mai sunan ba.

Wace dabba ce ake magana a kanta

A ma'anarta ta asali, kalmar tana nufin babbar dabbar nan mai cin nama ta nahiyar Asiya, mai jiki ruwan lemo da baƙaƙen ratsi-ratsi, wadda ita ce mafi girma a dangin kyanwa baki ɗaya. Babban namiji daga cikin na Indiya ko na gabashin Rasha yakan haura kilo 200, wasu har su tasam ma kilo 300. Damisa kuwa, wadda Turawa ke kira “leopard”, jikinta roɗi-roɗi ne ba ratsi-ratsi ba, kuma da wuya namijinta ya wuce kilo 90. Damisa gwanar hawan itace ce, har takan ja abin da ta kashe ta rataye a reshe, ita kuwa waccan ta Asiya ta fi shahara da son ruwa da iyo. Masana dabbobi sun sa su a gida ɗaya tare da zaki, gidan da suke kira Panthera, amma kowacce jinsinta daban. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya ba ta sunan kimiyya Felis tigris a 1758, daga baya a 1929 Reginald Pocock na Ingila ya mayar da ita ƙarƙashin Panthera, sunan ya koma Panthera tigris, wanda ake amfani da shi har yau.

Ba a samun wannan dabba a dajin Afirka ko ɗaya. Duk wadda aka gani a nahiyar nan a gidan namun daji take ko a wani killataccen wuri da aka kawo ta. Mazauninta Indiya ne da Nepal da Bhutan da Bangladesh, da wasu sassan kudu maso gabashin Asiya, da tsibirin Sumatra, da kuma gabashin Rasha da kan iyakarta da Sin. Indiya ce ke riƙe da kaso mafi tsoka, domin ƙidayar da ta yi a 2022 ta ƙiyasta cewa tana da 3,682. Saboda haka babu mamaki Hausa ba ta da sunanta na gado. Don sauƙin bayani, a nan za a riƙa kiran dabbar taiga, kamar yadda furucin kalmar ya zauna a bakin jama'a.

Hanyar da kalmar ta bi kafin ta isa Ingila

Daga Girkanci zuwa Turancin yau, sawun kalmar a bayyane yake, babu jayayya a kansa. Girkawa suna cewa “tigris”, Rumawa suka ara suka shigar da ita harshen Latin a yadda take, daga Latin kuma ta gangara cikin tsohon Faransanci a matsayin “tigre”. Ta shiga Ingila ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta malaman coci masu karatun Latin, waɗanda suka rubuta jam'inta “tigras” a tsohon Turanci wajejen shekara ta 1000. Ta biyu ita ce ta Faransanci, wanda ya zama harshen fada da na shari'a a Ingila bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, kuma siffar “tigre” da suka zo da ita ce ta kankama a rubuce-rubucen ƙarnonin da suka biyo baya. An daɗe ana rubuta ta iri-iri, wani ya rubuta “tigre”, wani “tygre”, wani “tyger”, kafin ƙamusoshi su tsayar da rubutun da aka sani yanzu. Siffar mace, “tigress”, wadda ƙungiyar matan Najeriya ta ɗauka, ta bayyana ne a farkon ƙarni na 17.

Irin wannan tafiya ta kalma daga baki zuwa baki ba baƙon abu ba ne ga Hausa. Kalmar takarda ma asalinta Girkanci ne, ta bi ta Latin, ta ratsa harsunan Abzinawa da danginsu na Sahara, sannan ta iso gare mu, kuma kowane zango ya ɗan taɓa furucinta.

Wani abin da yakan ɗaure wa mai koyon Turanci kai shi ne dalilin da ya sa ake rubuta “ti” amma a furta “tai”. Wannan ya samo asali ne daga babban sauyin wasula da ya auku a harshen tsakanin wajejen 1400 da 1700, inda dogon wasalin “i” ya rikiɗe ya koma “ai”, rubutu kuwa ya tsaya a inda yake. Abin da ya sami “time” da “mine” shi ne ya sami wannan kalma. Jamusawa da Faransawa da Sifaniyawa, waɗanda sauyin bai shafi wannan kalma a bakinsu ba, har yau da “ti” suke farawa, wato sun fi Turawan Ingila kusa da furucin Girkawa. Akwai kuma wani dace mai ban sha'awa: sunan da Rashawa suke kiran ƙungurmin dajinsu na arewa shi ne “taiga”, kuma dabbar tana rayuwa a wani yanki na wannan daji, amma kalmomin biyu ba su haɗa komai ba in ban da amo.

Kibiya, kogi da dabba: inda masana suka rabu

Gardamar tana farawa ne idan aka tambayi inda Girkawa suka samo kalmar. Kowa ya yarda ba tasu ba ce, aro suka yi daga gabas, domin ba su da dabbar a ƙasarsu. Sun fara jin labarinta ta hanyar hulɗa da daular Farisa, sannan yaƙe-yaƙen Iskandar na Makidoniya, wanda ya kai bakin Indiya wajejen 326 kafin haihuwar Annabi Isa, suka ƙara musu sani. An ruwaito cewa Seleucus, ɗaya daga cikin janar-janar ɗin da suka gaji daular Iskandar, ya aika wa mutanen Atina da taiga guda kyauta, ta zama abin kallo. A Rum kuwa, marubuci Pliny ya ce sarki Augustus ne ya fara nuna ta ga jama'a, a cikin keji, ranar buɗe gidan wasan Marcellus a shekara ta 11 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma daga baya sarki Claudius ya nuna guda 4 a lokaci ɗaya.

Bayanin da ya fi daɗewa kuma ya fi yaɗuwa shi ne na kibiya. Malamin Rumawa Varro, wanda ya rayu a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa kalmar ta mutanen Armeniya ce, kuma a wurinsu tana nufin kibiya, tana kuma nufin wani kogi mai tsananin gudu. Marubucin Girka Strabo da Pliny sun danganta sunan kogin da kalmar kibiya a harshen Mediyawa, 'yan uwan Farisawa. Malamin coci Isidore na birnin Seville a Sifaniya, wanda ya rasu a 636, ya haɗa zancen wuri ɗaya, ya ce an sa wa dabbar wannan suna ne saboda saurinta kamar kibiya, kuma kogin ma saboda haka ya sami nasa. Da yake littafinsa ya zama madogara a makarantun Turai na tsawon ƙarnoni, wannan bayani ya zauna daram kamar ba a taɓa shakkarsa ba.

Masu goyon bayan wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙwari. A tsofaffin harsunan Iran akwai kalmar “tigra” mai nufin abu mai tsini ko kaifi, da kuma “tigri” mai nufin kibiya a harshen Avesta, littafin addinin Majusawa. A rubutun da sarkin Farisa Dariyus ya sa aka sassaƙa a jikin dutse a Naqsh-e Rostam da ke Iran ta yau, an ambaci wata ƙabila da suna “Saka tigraxauda”, wato Sakawa masu huluna masu tsini. Farisancin yau ma yana kiran kibiya “tir”, abu mai kaifi kuma “tiz”, duk daga wannan tushe. Idan wannan bayani ya tabbata, to kalmar tana da dangantaka ta nesa da “stick” ta Turanci da “stigma” ta Girkanci, domin dukkansu ana mayar da su ga tsohuwar saiwa guda mai ma'anar suka ko tsira.

Masu shakka kuwa suna kawo abu biyu da ba su da sauƙin kaucewa. Na farko, ba a sami inda mutanen Iran da kansu suka kira dabbar da wannan suna ba. Sunanta a Farisanci “babr” ne, tun a tsohon rubutunsu har zuwa yau. Armeniyawan da Varro ya jingina wa kalmar “vagr” suke cewa, wadda ta yi kusa da “vyaghra” ta harshen Sanskrit, uwar “bagh” ta harshen Hindi. Yana da wuya a ce Girkawa sun ari sunan dabba daga mutanen da ba sa kiranta da shi. Na biyu, siffar da aka kafa hujja da ita ma ba ta dace sosai ba, domin taiga ba da dogon gudu take farauta ba. Laɓewa take yi, ta yi sanɗa, sannan ta daka tsalle daga kusa. Wanda ya zauna kusa da ita zai fi lura da ratsinta ko ƙarfinta kafin saurinta. A kan haka wasu masana suke ganin kalmar daga wani harshen gabas ne dabam, sai Girkawa da Rumawa suka ji ta yi kama da kalmar kibiya suka ƙulla musu zumunta.

Batun kogin ya fi sauƙin warwarewa. Kogin da Turawa ke kira Tigris shi ne Dijla, wanda ya taso daga duwatsun gabashin Turkiyya, ya ratsa Mosul da Tikrit da Samarra da Bagadaza, ya haɗu da Furat a kudancin Iraƙi bayan tafiyar kusan kilomita 1,900. Sunansa ya girmi zuwan Farisawa yankin nesa ba kusa ba. Sumeriyawa sun kira shi Idigna, Akkadiyawa suka ce Idiqlat, a Ibrananci ya zama Hiddeqel, a Aramiyanci Diglat, daga nan Larabci ya sami Dijla. Farisawa sun tarar da sunan ne, suka lanƙwasa shi ya dace da bakinsu ya koma Tigra, Girkawa kuma suka karɓa daga gare su. Ke nan sunan kogin bai fito daga kalmar kibiya ba, kamanni ne ya haɗa su a kunnen Bafarishe, kuma kama da wane ba ta wane. A ganina abin da ya fi dacewa a faɗa wa ɗalibi shi ne: zuwan kalmar daga gabas tabbas ne, alaƙarta da kibiya zato ne mai ƙarfi wanda ba a tabbatar ba, haɗa ta da kogin Dijla kuwa tsohon kirdado ne da ya sami karɓuwa saboda daɗinsa a kunne. Haka nan yankin Tigray na Habasha da ƙabilar Tigre ta Eritiriya ba su da wata alaƙa da ita, balle kogin Neja, wanda harafi ɗaya ne kawai ya raba rubutunsa na Turanci da nata.

Sunan da ya riga mai shi isa

Bayan faɗuwar daular Rum, Turai ta shafe ƙarnoni da dama kusan babu wanda ya ga taiga ido da ido, amma sunan yana nan cikin littattafai. Masu zanen littattafan dabbobi na wancan zamani sai suka riƙa zana ta yadda suka ga dama, wani ya yi mata ɗige-ɗige, wani ya mai da ita kamar kare. Suna kuma maimaita wani tsohon labari cewa maharbin da ya sace 'ya'yanta yakan jefa mata dunƙulen gilashi idan ta biyo shi, ta ga hotonta ƙarami a ciki ta zaci ɗanta ne, ta tsaya, shi kuwa ya tsere. A tambarin gidajen sarautar Ingila har yau akwai wata dabba da ake rubuta sunanta “tyger”, mai jiki kamar na kyarkeci, da tsini a hanci, babu ratsi ko ɗaya. Ba ta yi kama da kowace dabba da Allah ya halitta ba.

Da Turawa suka bazu duniya daga ƙarni na 15, sai suka tafi da sunan a bakinsu suna manna shi ga duk wata babbar kyanwar daji da suka ci karo da ita. Sifaniyawa da suka isa Kudancin Amurka sun tarar da jaguwa, dabba mai roɗi-roɗi da ta fi damisa kauri, suka kira ta “tigre”, kuma haka mutanen karkara ke kiranta har gobe. Garin Tigre da ke kusa da Buenos Aires a Ajantina daga nan ya sami sunansa. 'Yan Holan da suka sauka a kudancin Afirka a 1652 sun kira damisa “tijger”, abin da ya bar sunan tsaunin Tygerberg kusa da Cape Town. A tsibirin Tasmaniya na Ostareliya abin ya wuce haka, domin dabbar da aka kira taigar Tasmaniya ba ta ma cikin dangin kyanwa. Tana goyon 'ya'yanta a jaka ne kamar kangaru, ratsin da ke gadon bayanta kawai ya jawo mata sunan. Ta ƙarshe da aka sani ta mutu a gidan namun daji na Hobart ranar 7 ga Satumba, 1936.

Ko a harsunan da suka fi kusa da mazaunin dabbar ana samun wannan cakuɗa. Larabci yana da “namir” ga damisa da “babr” ga taiga, wadda ya aro daga Farisanci, amma kafafen yaɗa labaran Larabawa na yau sukan yi amfani da “namir” ga dukkansu. A Hindi da Urdu kalmar “sher” tana iya nufin zaki, tana iya nufin taiga. A Najeriya kuwa, Yarbawa suna da “ekun”, Ibo suna da “agu”, Hausawa suna da damisa, dukkansu sunayen dabbar gida ce mai roɗi-roɗi, amma an daɗe ana fassara su da “tiger” a aji da kuma hira. Wannan ne ya sa atisayen soja da Manjo Nzeogwu ya fake da shi a Kaduna wajen juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, wanda aka sa wa suna Damisa, wasu marubuta suke fassara shi da “leopard”, wasu da “tiger”. Shi ma shahararren ɗan damben Najeriya Richard Ihetu, wanda ya ci kambun duniya a 1962 ya sake cin wani a aji na gaba a 1966, duniya ta san shi ne da Dick Tiger.

Ma'anonin aro

Turawan Ingila sun san dabbar sani na haƙiƙa ne bayan da suka kafa mulki a Indiya. Sarkin Mysore, Tipu Sultan, wanda ya yi ta gwabzawa da su har aka kashe shi a 1799, ya mai da taiga tambarinsa, ratsinta na jikin tufafin sojojinsa da makamansa. Daga cikin ganimar da aka kwasa a fadarsa akwai wani mutum-mutumin katako na taiga ta danne Bature, wanda yake ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Daga baya farautarta ta zama alamar iko ga masu mulkin mallaka da sarakunan ƙasar; a farautar da aka shirya wa sarki George na 5 a Nepal a 1911 kaɗai an kashe guda 39.

Ma'anonin da kalmar ta tara sun bi hanya biyu. Hanya ta farko ita ce ta ratsi: duk abin da ke da zane mai kama da nata sai a jingina shi gare ta, kamar wani nau'in kifin shak, da wani sauro mai fararen ratsi da ke yaɗa zazzaɓin dengi, da wani dutsen ado. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Hull City, inda Jay-Jay Okocha ya taka leda a kakar 2007 zuwa 2008, ta sami laƙabinta ne daga rigarta mai ratsin baƙi da ruwan zuma. A ƙarni na 19 ma, yaron da ke tsayawa a bayan keken dokin attajiri sanye da riga mai ratsi “tiger” ake kiransa a Landan. A nan ne kuma aya ta shigo, domin abin da Turanci ke kira “tiger nut” ba komai ba ne illa ayar da ake kunu da ita, wadda ake nomawa da yawa a jihar Maraɗi da arewacin Najeriya, kuma layukan da ke kewaye da ƙwayarta ne suka jawo mata sunan. Ba 'ya'yan itace ba ce kamar yadda rabin sunan na biyu ke nunawa, saiwa ce da ke ƙulluwa a ƙarƙashin ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce ta hali: ƙarfi, zafin nama, rashin sassauci. Faransawa sun yi wa Georges Clemenceau, firaministansu a ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, laƙabi da ita saboda tsaurinsa. Jamus ta sa wa babbar tankar yaƙinta ta 1942 wannan suna. 'Yan tawayen Tamil na Siri Lanka, waɗanda aka kafa ƙungiyarsu a 1976 aka murƙushe ta a watan Mayun 2009, sun ɗauko ta ne daga tutar tsohuwar daular Chola ta kudancin Indiya. A fagen tattalin arziki, an kira Koriya ta Kudu da Taiwan da Singafo da Hong Kong taigogin Asiya saboda irin tsallen da masana'antunsu suka yi daga shekarun 1960 zuwa 1990, daga nan aka ara wa Ayalan laƙabin a 1994 lokacin da nata arzikin ya fara haɓaka, duk da cewa ba ta da ko damisa balle taiga. Wanda ya ji ɗan siyasa yana alƙawarin mai da ƙasarsa “tiger” ta Afirka, to wannan ma'ana yake nufi.

Wasu daga cikin maganganun da suka fi shahara ba ma na Turanci ba ne, fassara ce daga Sinanci. “Paper tiger”, wato taigar takarda, tsohuwar magana ce ta Sinawa da Mao Zedong, jagoran 'yan gurguzun Sin, ya fito da ita duniya a wata hira da 'yar jaridar Amurka Anna Louise Strong a watan Agustan 1946, inda ya siffanta bam ɗin nukiliya da abokan gabansa da ita. Ma'anarta abu mai ban tsoro a ido wanda ba shi da kataɓus, abin da Bahaushe zai ce kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi. Haka nan zancen hawan taiga, wanda ke nufin shiga lamarin da ci gaba da shi haɗari ne sauka kuma ya fi haɗari, daga karin maganar Sinawa ya fito. A 2013 shugaba Xi Jinping ya yi alƙawarin kama taigogi da ƙudaje a yaƙinsa da cin hanci, yana nufin manyan jami'ai da ƙanana.

Abin da wannan ya shafi mai karatu da mai fassara

Akwai masu ganin cewa babu laifi a ci gaba da cewa damisa, tunda harshe na masu shi ne, kuma kalma takan faɗaɗa ta ɗauki sabuwar ma'ana kamar yadda “namir” ta yi a Larabcin jarida. Suna da gaskiya ta wani fanni. Idan ana maganar laƙabi ne, kamar na ƙungiyar wasa ko na jarumi, abin da ake son isarwa shi ne kwarjini da zafin nama, kuma damisa, wadda ake wa kirari da ƙi sabo, tana ɗauke da wannan nauyi a zuciyar Bahaushe fiye da kowace baƙuwar kalma. Wanda ya fassara D'Tigress da damisoshi bai ɓata ma'anar da masu sunan suka nufa ba, ko da yake Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wadda ta kira ƙungiyar ƙwallon ƙafarta Léopards, ta fi dacewa da dabbar da ke dajinta.

Matsalar tana bayyana ne inda ake bukatar a bambance aya da tsakuwa. Indiya tana da dabbobin biyu a daji ɗaya, kuma dukkansu sukan yi arangama da mutanen ƙauye, don haka labarin da ya ce damisa ta kashe manomi a can bai gaya wa mai sauraro wacce ce daga ciki ba. Ɗalibin da aka koya wa cewa “tiger” ita ce damisa zai rasa abin cewa ranar da aka tambaye shi “leopard”, ko kuma ya amsa a jarrabawa cewa ana samun taiga a dajin Afirka. Batun kare namun daji ma yana shiga ciki. Shekara 100 da suka wuce an ƙiyasta taigogin daji sun kai 100,000, zuwa 2010 suka ragu zuwa kimanin 3,200, abin da ya sa ƙasashe 13 suka yi taro a Saint Petersburg a wannan shekara suka ƙuduri ninka adadin, aka kuma ware 29 ga Yuli ta zama ranarta ta duniya. Nau'inta na tsibiran Bali da Java da na yankin tekun Kaspiyan, wanda shi ne mafi kusa da ƙasar Farisawa da Girkawa suka fara jin labarinsa, duk sun ƙare a ƙarni na 20. Idan gidan rediyo ya sanar da cewa yau ranar damisa ce ta duniya kuma adadinta yana ƙaruwa a Indiya, mai sauraro a Bauchi ko Damagaram zai ɗauka damisar da ya sani ce ake nufi, alhali ita a Afirka ta Yamma raguwa take yi saboda sarar daji da farautar fatarta.

Hausa tana da hanyoyi biyu na fita daga wannan, kuma dukkansu suna kan tsarin da ta saba. Tana iya aron kalmar kai tsaye ta rubuta taiga, kamar yadda ta ari mota da rediyo, musamman da yake sunan ya riga ya zauna a kasuwa ta hanyar ƙaramin janareta da reza masu ɗauke da shi. Tana kuma iya siffantawa ta ce damisar Asiya ko damisa mai ratsi, ta bar damisa zalla ga ta gida. A rubutun makaranta da labaran kimiyya aron ya fi tsafta, domin siffantawar tana iya sa a zaci jinsi ɗaya ne da ya bambanta da launi kawai, ga shi kuma Asiya tana da tata damisar mai roɗi-roɗi, tun daga Iran har zuwa Siri Lanka.